Lambar da Na Rubuta a Soron Surukina

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifin Falmata ya ce yana son ganina ba. Daga wannan ganin zai yanke hukunci: ko in turo magabatana, ko in kama gabana. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma ina da wata lamba da nake ƙauna kamar me, 142857. (Falmata ta san da zaman lambar, ta ma ce kada in kuskura in taho da ita.)

A hanya abokina Sani ya ja min kunne. "Ka san dai tsari. Ka sunkuyar da kai, ka ce na'am, ka ce Allah ya ƙara girma. Shi ke nan."

Muka isa gidan a unguwar Soron Ɗinki bayan la'asar. Soron gidan ya sha sabon farin fenti, ga kaskon turaren wuta a gefe, irin na mutanen Barno. Muka durƙusa muka gaida Alhaji, na yi laƙwas kamar mutumin kirki. Komai yana tafiya daidai har ya ce, don dai a sami abin faɗa, "Malam, wannan lissafin naku, akwai abin mamaki a cikinsa kuwa?"

Sani ya taka min ƙafa. Ina, ai an riga an sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

"Akwai, Baba. Ka ɗauki 142857, ka ninka sau biyu, 285714. Lambobin nan shida ne suka dawo, wurin zama kawai suka sauya. Sau uku, 428571. Haka za su yi ta zagaye har sau shida."

Alhaji ya ce, "Ikon Allah." Dattijo kara yake min, ni kuwa na ɗauka ya kamu. Daɗi ya ɗebe ni, na miƙe tsaye, na zari gawayi a gefen kasko, na juya wa surukina baya kamar ina aji. Na nuna masa cewa daga raba ɗaya gida bakwai ta fito, kuma tana rabuwa da 11 da 13 da 37 ba ragowa. Na tsaga ta biyu, 142 da 857, na haɗa suka ba da 999. Sannan na rubuta sau bakwai, na zuba tara guda shida, na ja layi biyu a ƙasa, na waiwayo na ce, "An gane?"

Sai a lokacin na ga bangon. Baƙi ƙirin, tun daga taga har ƙofa. Sani ya rufe fuska da hula, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya daɗe yana kallon aikina, sannan ya ce, "Jiya aka gama fentin nan saboda zuwanka." Na ce gobe zan kawo mai fenti. Ya ce, "A'a, bar shi. Ka turo manyanka. Mutumin da ya kasa ɓoye abin da yake so a gabana, ba zai iya ɓoye wa 'yata komai ba."

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma rubutun yana nan, Alhaji ya hana a goge. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ya ce, "Aikin surukina ne." Abin da na koya shi ne, idan babba ya yi maka tambaya, ka fara duba ko amsa yake so. Kuma har yau in na je gaisuwa, sai an ɗauke kaskon kafin in zauna.