Kawu Sale a Shafi na Nawa?

Da furfurata na koma karatun noma a Kazaure, don ƙarin girma a wurin aiki ya ƙi zuwa sai da takarda. Malamar da ke duba bincikena ta ce, "Malam, ka kula da madogara, wato inda ka samo kowane bayani; kowane fanni da tsarinsa." Murmushi kawai na yi. Ni da na tashi a zauren karatu, inda ba a kawo magana sai an jero waɗanda suka ruwaito ta, ni za a koya wa madogara?

A kan tsutsar gero na yi binciken, na kuwa tsara shi tsaf: na ji daga Kawu Sale, shi daga surukinsa na Gwiwa, shi kuma daga mahaifinsa, dukkansu amintattu.

Ranar kare bincike har babbar riga na sa. Shugaban masu jarrabawa ya karanta a fili, ya cire tabarau ya ce, "Malam, a nan sunan marubuci muke so da shekara da shafi, don mai shakka ya je ya duba. Kawu Sale a shafi na nawa yake?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana Roni. Duk ranar kasuwa ana samunsa."

Malamata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai da na sake aikin daga farko.

Har yau, ko cewa na yi gishiri ya yi yawa a miya, sai maiɗakina ta ce, "Malam, daga wa ka ruwaito?"