Jakar da Ta Sha Ruwan Mabukata

A wani daji inda rani kan yi zaman dirshan har dabbobi su manta kamannin girgije, akwai wata ƙungiyar agaji mai suna Sanyin Rai. Aikinta ɗaya ne: a ɗebi ruwa a kogi, a ɗura a salkuna, a kai wa ƙananan dabbobin da ke zaune can kan tudu, waɗanda ƙafafunsu ba za su iya kai su kogin ba. Wata tsohuwar Giwa ce ta kafa ƙungiyar, kuma ko maƙiyinta ba zai ce ba da zuciya ɗaya ta kafa ta ba. Ma'aikata suna kiranta Inna, ita kuma tana ce musu 'ya'yana. Ofishinta yana gindin wata tsamiya a bakin kogi, inda in ta miƙa dogon hancinta daga zaune sai ya taɓa ruwa.

Kowace safiya kafin a ɗaura kaya, ma'aikata kan yi layi a gabanta, ta tambaye su, "'Ya'yana, ruwan nan na wa ne?" Su kuma su amsa baki ɗaya, "Na mabukata ne." Ma'anar wannan amsa kowa ya san ta. Ma'aikaci zai sha ya ƙoshi a kogi, amma da zarar ya ɗauki salka, ko ɗigo ba zai taɓa ba sai ya dawo, ko a hanya, ko a garin da ya kai wa.

Babu wanda ya taɓa zama ya kafa wannan doka. Abin da ya faru shi ne, ma'aikacin farko da Inna ta ɗauka Raƙumi ne. Wata rana aka miƙa masa ruwa a wani ƙauye ya ce a bar wa mabukata, shi ba ya jin ƙishirwa. Gaskiya ya faɗa, don a lokacin cikinsa cike yake da rabin kogi. Inna ta ji labarin ta yi ƙwalla, ta riƙa ba kowane sabon ma'aikaci shi, har maganar ta zama al'ada, al'adar ta fi doka ƙarfi. Daga nan jaki da takarkari da alfadari duk aka koma auna su da ma'aunin Raƙumi, kuma duk shekara shi ake rataya wa furen gwarzon ma'aikata.

Cikin ma'aikatan akwai wata jaka mai suna Tabawa. A kan tudu aka haife ta, kuma tana tuna shekarar da garinsu ya kusa tashi saboda fari, salkunan Sanyin Rai suka cece su. Don haka ba neman abinci kawai ya kawo ta ba. Tana son aikin nan so na gaske, tana alfahari da shi, kuma in ta ga 'ya'yan bushiya sun rugo suna murna sun hango ta, sai ta manta da ciwon bayanta.

Sai dai hanya ta yi ta tsawo. Salkunan kyauta ne daga su Shamuwa, masu ba da tallafi daga ƙasa mai nisa, kuma duk shekara suna son a ce musu an ƙara sababbin garuruwa. Su Shamuwa da farkon damina suke zuwa, su tarar da daji kore shar, don haka rani a wurinsu labari ne. Tafiyar da a da ake yi a dawo kafin azahar ta zama ta wuni guda cur. Tabawa ta rame, leɓɓanta suka tsage, wani lokaci tana tafe tana ganin hanyar tana rabuwa biyu. Ba ta gaya wa kowa ba. A Sanyin Rai, wanda ya ce yana jin ƙishirwa kamar ya ce ba ya tausayin mabukata ne.

Ba wai ƙungiyar ba ta damu da ma'aikatanta ba ce. Har jami'ar walwala take da ita, Malama Hawainiya, wadda in tana gaban Inna sai ta koma launin giwa, in ta zo cikin ma'aikata ta koma launin jaki. Da ta lura ma'aikata suna layi kamar masu maye, sai ta shirya musu bita a kan muhimmancin hutu, ta sa ta daidai lokacin da suke ɗan kwantawa a inuwa. A nan ta koya musu cewa in ƙishirwa ta matsa, su rufe ido su tuna kogi.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce. An tura Tabawa Tudun Ƙaya, gari mafi nisa, aka haɗa ta da Aku, jami'in yaɗa labarai, wanda ke tara labaran da za a ba su Shamuwa. Shi a kan kayanta ya zauna. Da ƙyar ta isa. Tana tsayawa a ƙofar garin, ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe ta durƙusa.

Dattijon garin, Baba Kunkuru, ya sa aka sauke salkunan aka juye a randa. Sannan ya cika ƙwarya ya turo ta gaban Tabawa.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta, muryarta da ƙyar take fita. "Na mabukata ne."

Kunkuru ya daɗe yana kallonta. "'Yar nan, ruwan nan tun da ya shiga randarmu ya zama namu. Mu kuma a garin nan, tun kakanninmu, baƙo ba ya tsayawa a ƙofarmu ba a ba shi ruwa ba. Shekara da shekaru kuna zuwa kuna mayar mana da ƙwarya, muna haɗiye abin don muna da bukata. Kin san yadda mutum ke ji in an ba shi kullum, amma shi ba a karɓar nasa? Yau dai ko ki sha, ko ki mayar da ruwanku. Ba za a ce mai kawo mana ruwa ta mutu da ƙishirwa a ƙofarmu ba."

Tabawa ta dubi ƙwaryar. Ta rufe ido ta tuna kogi, kamar yadda aka koya musu, ba ta ji komai ba sai jiri. Ta sa baki ta shanye. Tana sha tana hawaye, don ta san abin da ta jawo wa kanta, kuma Aku yana kan reshe yana kallo.

Washegari aka tara kowa a gindin tsamiya. Malama Hawainiya ta fara, cikin launin giwa.

"Inna, ni ba na son a ce na matsa wa kowa, kowa ya san ƙofata a buɗe take. Amma da 'yar'uwarmu ta ji ba daidai ba, ai sai ta zo ta same ni mu tattauna. Mu nan 'yan gida ɗaya ne. Abin da ya bambanta mu da sauran dabbobi shi ne sadaukarwa. In yau an sha ƙwarya, gobe salka za a sha. Ina ba da shawara, cikin ƙauna, a sallame ta ta je ta huta."

Aku ya ce shi abin da ya dame shi su Shamuwa ne, don in suka ji ma'aikata na shan kayan tallafi, ba a san me za su ce ba.

Inna ta juya ga Tabawa, fuskarta cike da ɓacin rai na gaske. "'Yata, da gaske kin sha?"

In aka raba Tabawa da aikin nan, ba ta san me za ta zama ba. Amma ta daure.

"Na sha, Inna. Ba zan ɓoye ba, kuma ba zan ce tilasta ni aka yi ba, don ko Baba Kunkuru bai matsa ba ina jin da na sha. Ina son aikin nan, ke ma kin sani. Ban taɓa makara ba, ban taɓa zubar da salka ba. Amma Inna, ni jaka ce. Na yi iya ƙoƙarina in zama raƙumi, abin ya gagara. In kin kore ni zan tafi, sai dai ina roƙon wanda zai gaje ni a bar shi ya sha, don mabukata suna bukatar ya dawo gobe."

Takarkari ya sunkuyar da kai, Alfadari ya shiga kallon ƙasa. Raƙumi, wanda tun ɗazu yake tuƙa, ya ce shi fa bai taɓa cewa kowa ya yi irin tasa ba, shi ba ya jin ƙishirwar ne kawai. Babu wanda ya tanka masa, don ba a saba jin gwarzo yana ɓata labarin kansa ba.

Inna ta miƙe. Ranta ya sosu, kuma akwai 'yar zuciya a cikin abin da ta faɗa. "Ni na kafa ƙungiyar nan. Ba zan yanke wa kowa hukunci a kan abin da ni ba zan iya ba. Gobe ni da kaina zan kai ruwa Tudun Ƙaya, in dawo ban sha ba, kowa ya gani. Tabawa za ta nuna mini hanya. In mun dawo sai a yi abin da za a yi."

Suka kama hanya da sassafe. Da farko Inna tana gaba, tana ba Tabawa labarin yadda aka faro ƙungiyar. Da hantsi labarin ya ragu. Da rana ta take sai ta tambaya ko sun kusa, Tabawa ta ce sun kusa rabi. Daga nan Inna ba ta ƙara magana ba. Kunnuwanta suka daina kaɗawa, hancinta yana jan ƙasa, ruwa kuma yana ta kaɗawa a salkunan da ke bayanta, tana jin ƙararsa da kowane taku. Tun da ta kafa ofis a bakin kogi ba ta taɓa wuni nesa da ruwa ba, ta ma manta yadda abin yake. Tabawa ta tausaya mata, ta rage sauri, ta riƙa bi da ita ta inda akwai 'yar inuwa. A yi mata adalci, tsohuwar ba ta taɓa salka ba har suka isa.

Baba Kunkuru ya tarbe su, aka juye ruwa a randa, ya turo ƙwarya. Inna ta buɗe baki za ta faɗi amsar da ta koya wa kowa, harshenta ya ƙi motsi. Ta dubi Tabawa, Tabawa ta kawar da kai don kada ta ba ta kunya. Ƙwaryar ta tafi a zuƙa ɗaya. Aka ƙaro, aka sake ƙarowa, har Kunkuru ya leƙa randa ya yi gyaran murya.

"Sannu da hanya, Hajiya," in ji shi. "Yau kin girmama mu. Amma in ba damuwa, gobe a turo mana jakar, ta fi sauƙin tarba."

Inna ta zauna a ƙasa. Can ta ce, "Tabawa, duk shekarun nan haka kuke yi?"

"Haka ne, Inna."

"Kuma kullum ina tambayarku, kuna ce mini lafiya lau."

"Ba ki taɓa tambayarmu wannan ba, Inna. Kina tambayarmu ruwan na wa ne."

Giwa ta yi kuka a ranar, a gaban bushiyoyi da ɓeraye, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Ba a kori Tabawa ba. Tun daga makon aka ƙara wa kowane ma'aikaci 'yar salka tasa ta hanya, aka raba hanyar Tudun Ƙaya zango biyu, kuma duk garin da aka miƙo ƙwarya sai a karɓa a yi godiya. Da safe in an yi layi, Inna takan fara da tambayar wa ke jin jiki, kuma a hankali aka fara samun masu amsawa. Malama Hawainiya ta ce dama ta daɗe tana tunanin kawo wannan shawara. Tabawa ta murmure, leɓɓanta suka warke, kuma yanzu in ta isa Tudun Ƙaya takan zauna su yi hira da Baba Kunkuru, ta sha ruwansu, su ma su ji sun yi wa wani wani abu.

Da damina ta faɗi su Shamuwa suka iso. Aku ya ba su labarin sabon tsarin, suka yaba ƙwarai, suka yi alkawarin baɗi za su turo babban ƙwararre ya koya wa ma'aikata yadda ake gane ƙishirwa. An ce Kifi ne.