Dokin Ƙanƙara da Barguna Biyu

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar tamanin da huɗu a Riyad ba. Lokacin ina kula da dawakin kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini nake aiki a ƙarƙashinsa, a gonarsa ta bayan gari, iƙamata, wato takardar izinin zama, saura wata guda ta mutu. Sai ga shi ya sayo wani doki daga ƙasar Turawa, gajere, mai gashi buzu-buzu kamar tunkiya.

Ya ce, "Ranar Alhamis zan hau shi da baƙina, tafiyar yini guda cikin sahara. Ka iya da irinsa?"

Na ce, "Ya ammi, ranka ya daɗe, ai a cikin dawaki aka haife ni." (Ƙarya nake. Babana jaki biyu gare shi.)

Sanyin Riyad kuwa ba wasa ba, har haƙorana ke kaɗawa. Na dubi baƙon nan, tausayi ya kama ni, na lulluɓa masa bargo. Washegari na tarar da shi sharkaf da gumi. Kai, gumi a wannan sanyi? Na ce zazzaɓi ne. Na ƙara bargo na biyu, na hura masa wuta a garke, na ba shi ruwan ɗumi da kanwa. Gumi ya ƙaru, ya ƙi cin abinci, yana ta kallona. Ni ma ina kallonsa. Wallahi kaina ya ɗaure, kuma tsoro ya hana ni faɗa wa kowa.

Ranar Alhamis na ɗaura sirdi a kan bargunan, na bi su a mota da kayan shayi. Doki na tafe yana haki. Kafin azahar muka iso wata gonar dabino, injin ban-ruwa ya cika kwalbati fal. Dokin nan bai yi shawara da kowa ba, ya faɗa ciki ya kwanta, da kafilina a bayansa. Farar jallabiya ta koma laka, igal ɗinsa, baƙar igiyar rawaninsa, na yawo a kan ruwa.

Cikin baƙin akwai wani likitan dabbobi Bakano. Ya yaye bargunan, ya tambaye ni da Hausa, "Malam, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Dakta, zazzaɓi yake yi."

"Zazzaɓin me? A kan ƙanƙara aka haife shi! Sanyin nan naka shi ne bazararsa. Irinsu sai su yini suna tafiya ba gajiya, in an rage musu gashi. Kai kwana huɗu kana dafa shi."

Sai ya fassara wa baƙi da Larabci, har da maimaitawa. Kunya ta sa na ji kamar in bi dokin cikin kwalbatin.

An sabunta mini iƙama, albarkacin roƙon Dakta, amma aka mayar da ni wajen awaki. Tun daga ranar, in na ji sanyi kaina nake lulluɓewa, in ƙyale bayin Allah su sha iska.