Watan da Muka Ƙaurace wa Ƙanƙarar Inna Sa'adiyya

Jama'a, ranar Talatar nan na raka maƙwabciyata Inna Sa'adiyya ofishin masu wutar sola a Yelwa. Tun da farar safiya muka baro Warra a a-kori-kura, ni a baya kan buhunan albasa, ita a gaba kusa da direba saboda ciwon ƙafarta. Mun je roƙon a rage kuɗin da ake zara daga asusunta na banki kowane wata. Muka yini a benci, muka dawo ba ragi, sai takardar gargaɗi, da mafici. E, mafici. Kamfanin wuta ne ya ba ta kyautar mafici mai tambarinsa a jiki, wai ita ce gwarzuwar kwastoman gaɓar tafki. Ni dai ban taɓa ganin kamfani mai hangen nesa irin wannan ba. Ya san abin da za ka buƙata nan ba da daɗewa ba, ya damƙa maka tun yanzu.

Bari in koma baya, don wanda bai san unguwarmu ba. Inna Sa'adiyya dattijuwa ce mai sayar da kifi, matar marigayi Tanimu masunci. Abin da ta mallaka mai daraja a duniya firiza ce guda, wadda ɗanta Kabiru ya sayo mata da kuɗin cin rani bayan an kawo mana wuta. A ciki take ajiye ɗanyen kifi kada ya lalace kafin ranar kasuwa. Idan azumi ya kama kuwa, sai ta ƙulla ruwa a leda ta daskarar, la'asar sakaliya ta zauna bakin ƙofa tana raba wa duk wanda ya miƙo hannu. Ko sisi ba ta karɓa, ta ce ladan na Tanimu ne. Hatta maƙwabcinmu Elijah, wanda shi ba ya azumi, in ya taso daga gona sai ta tsare shi ta cusa masa leda biyu. Duk unguwar firizar nan ce kawai, kuma duk wanda ya san zafin Warra a watan Maris ya san abin da nake nufi.

To, bara sai ga kamfani mai suna Haske Har Abada ya sauka garinmu. Muna zaune bakin ruwan madatsar da ke haska garuruwan da ba su ma san sunanmu ba, mu kuwa tocila muke kunnawa, don haka muka yi musu maraba hannu bibbiyu. Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an yanka sa, manya sun zo da motoci masu baƙin gilashi, an yanke ƙyalle da almakashi mai ruwan zinariya. Lasifikar da aka yi ta yabon hasken rana da ita, da janareta aka kunna ta. Ban ce komai ba, nama ne a bakina.

A nan aka gabatar mana da abin da suka kira Tsarin Kwanciyar Hankali. Ba sai ka je ofis ba, ba sai ka bi layi ba. Ka ba su lambar asusunka ka dangwala yatsa, su kuma su auna wutar da ka sha a wata guda, su ce haka kake sha kullum, sai su riƙa ɗaukar wannan adadi da kansu kowane wata har shekara ta zagayo a sake awo. In kuwa suka zo ɗauka suka tarar da asusun ba zai isa ba, gargaɗi ɗaya ne, daga shi sai a cire mita. Wallahi an tausaya wa talaka. A da sai ka wahala ka kai kuɗinka da ƙafarka, yanzu kana barci za a hutar da kai.

Watan da suka zaɓa su yi awon kuwa, sai ya faɗo daidai da azumi. Firizar Inna tana aiki kamar injin niƙa, unguwa guda tana shan ƙanƙara, sai aka rubuta cewa haka wannan tsohuwa take shan wuta daga Muharram har Zulhajji. Damina ta zo, gari ya yi sanyi, gajimare ya rufe rana, wutar ma sai ta yini ba ta leƙo ba. Amma saƙon banki bai taɓa makara ba. Ɗan abin da Kabiru ke turo mata, da ribar kifin, kafin ta gama cewa alhamdulillahi an share. Muna gani ta daina sayen goro. Muna gani ta koma tuwo sau ɗaya. Ita kuwa ko da wasa ba ta taɓa ce wa kowa uffan ba.

Ana saura kaɗan azumin bana, sai Yusha'u mai gyaran injin jirgi ya tara mu a gindin ɗorawar masallaci. Yusha'u mutum ne mai kirki, matsalarsa ɗaya, tunda ya iya kwance inji ya ɗaure yake ganin ba abin da ya gagare shi. Ya ce ya ji daga bakin mai duba mita cewa a watan Maris za a sake awo, kuma bana ma ya haɗu da azumi.

"Ku saurara," in ji shi. "Mu munka ja ma Inna wanga bala'i da maƙogwaronmu. Bana kada kowa ya karɓi ƙanƙara tata. In ba a sha ba, mita ba ta gudu. In mita ba ta gudu ba, dole su rage."

Na ce, "To mu je mu gaya mata mana."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ka je ka ce ma dattijuwa mun gane ba ta da hali? Kai ka iya? Kuma ka san Inna, in ta ji sai ta ƙara leda ɗari don ta nuna muna."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai iya. A garinmu gara ka ga mutum yana nitsewa ka yi kamar wanka yake yi, sannan ka zagaya ta baya ka tura masa gora, da ka ce masa a ido ka ga yana shan ruwa. Aka tsaya a kan za a rufa mata asiri ba tare da ta sani ba, aka shafa fatiha.

Kai, ban taɓa azumi mai tsawo irin na bana ba. Maza suka canza hanyar masallaci, muna zagayawa ta bayan makera kada mu bi ta ƙofarta. Mata suka ja wa yara kunne. Elijah ma ya koma bin ta fadama. Muna buɗa baki da ruwan randa mai ɗumi kamar na wankan jego, muna kallon juna muna jin mun yi abin kirki. Rannan na yi kuskure na ɓullo ta lungunta. Tana zaune kan tabarma, ga kula cike a gabanta, ba kowa.

"Malam, ga ruwa," ta ce.

Na ce, "Inna, mura nake yi." A watan Maris, gumi na ɗiga daga haɓata.

Ta dube ni ta ce, "Allah shi sawwaƙe. Bana unguwar duk mura anka yi." Na wuce da sauri, kunya kamar in nitse.

Sallah ta wuce, muka zuba ido mu ga ragi. Saƙon da ya shigo wayarta, wanda ta kawo mini in karanta mata, cewa ya yi an daidaita kuɗinta. Ku lura da kalmar, daidaitawa. A wurin mutanen nan duk abin da aka daidaita sama yake yi. Shi ya kai mu Yelwa.

Bayan azahar aka shigar da mu wurin manajan ofishin, Mai Girma Sarkin Kintace, Madakin Zara-da-Kanka, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Ofis ɗin sanyi kamar cikin firizar Inna, har na fara jin murar gaske. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, da damina firizar nan kusan a kashe take, amma an ci gaba da ɗaukar na azumi. Ina rarar?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya ci ya ƙoshi. "Rarar Hajiya tana nan a wurinmu, mun adana mata."

"To a ba ta mana."

"A'a, ba a bayarwa. Amfaninta shi ne ta cike giɓi idan ta sha fiye da ƙima."

"To ga shi kun ce ta sha fiye da ƙima. A cike."

"Wannan kuma rarar bara ce. Yanzu muna sabuwar shekarar lissafi."

Na rantse muku da na ga gwani na san shi. Ko masu awon gero a kasuwar Warra, waɗanda ke da mudun saye daban na sayarwa daban, su zo nan su ɗauki karatu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a iya yin awon a wani wata? Azumi wata ɗaya ne a shekara."

Ya ce, "Malam, kwamfutarmu ba ta azumi. Maris ta sani." Ya juyo mana da fuskarta. "Ka gani, wutar da Hajiya ta sha bana ta ma fi ta bara. Shi ya sa muka karrama ta."

Nan fa bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ba zai yiwu ba! Ba wanda ya taɓa ƙanƙarar nan bana. Mu muka haɗa baki duk unguwa kada kowa ya karɓa, don a rage mata."

Sai da maganar ta fita na tuna wadda ke zaune kusa da ni. Inna ta juyo a hankali.

"Mi ka ce?"

Na yi tsuru-tsuru. Ba wurin gudu, na faɗa mata komai, har da fatihar.

 Sannan ta ce, ba da ni ba, ba da Sarkin Kintace ba, kamar da bangon take yi: "Ni na zaci ƙarnin kifi ruwan ke yi, shi ya sa kunka guje shi. Na kwashe kifin duka na kai banda, na wanke ta da toka. Kullum in zubar da na jiya in ƙulla sabo. Na ce ko bai yi ƙarfi ba, na murɗa ta har ƙarshe, na daina kashe ta da dare. Har ƙwan lantarki na sa anka ɗaura min bakin ƙofa, na ce ko ba ku ganin ina zaune."

Jama'a, na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Wata guda muna shan ruwan ɗumi muna yaba wa kanmu, ita kuma tana ƙona wuta ninki biyu tana neman laifin da ta yi mana.

Mai Girma bai ga abin damuwa ba. Ya ce labari ne mai taɓa zuciya, zai so a sa shi a kalandar kamfani. Na ce tunda ya ji yadda aka yi, a sake awo a watan gobe. Ya ce awo sau ɗaya ne a shekara, doka ce, shi ma ba yadda zai yi. Ya ƙara da cewa an gwada ɗaukar sabon adadin asusun bai isa ba, ga takardar gargaɗi, ƙarshen wata masu cire mita za su zo. Sannan ya miƙe tsaye, ya miƙa mata maficin da hannu biyu, aka ɗauke su hoto.

A hanyar dawowa ta ƙi shiga gaba. Ta hau baya ta zauna kan albasa kusa da ni har muka hango ruwa. Na ce, "Inna, ki yafe mana. Za mu yi karo-karo mu biya."

Ta ce, "Wanga wata ku biya. Na gobe fa? Har wani Maris? Ku da ke cin tuwo da lissafi?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni ba kuɗin ke cina ba, Malam. Na ji daɗi da ba ƙina kunka yi ba, Allah ya sani. Amma da kun sha, da na san inda kuɗin sunka tafi. Bana Tanimu bai samu ladan ko leda guda ba."



Jiya da la'asar ba ta jira masu cire mita ba. Ta aika aka kira unguwa kaf, maza da mata, har Yusha'u da ke ta ɓuya a bayan mutane. Ta zare wayar firizar daga bango da hannunta, ta buɗe murfin. Cike take da ƙanƙarar da ta ƙulla mana tun ƙarshen azumi. Ta riƙa ɗauka tana danƙa wa kowa, ta fara da Yusha'u.

"Ku sha," ta ce. "An riga an biya."

Muka tsaya a rana muna tsotsar leda kamar yara, ba mai iya kallon wani. Sanyinta har cikin haƙori, kuma ko alamar ƙarnin kifi babu.

Yau da safe na ga ta ajiye sabuwar randa a bakin ƙofa, ta rufe da faifai, ta ɗora moɗa a kai, tana zaune gefe tana fifita da kyautar kamfani. Don Allah duk wanda ya san Sarkin Kintace kada ya kai masa labarin randar nan. Ruwan cikinta yana ɗan yin sanyi da kansa, ina tsoron a zo a daidaita.