Kundin Matata a Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Jama'a, ku bar ni in huce tukuna. Har yau ranar Litinin ɗin nan ba ta fita daga raina ba, jiya ma sau biyu na bugi ɗan yatsana da guduma saboda ita.

Da sassafe na hau layin mai. Awa uku ina tura babur taku ɗaya-ɗaya, sai da ya rage mutum huɗu a gabana mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, tun bara suka rantse cewa an yi bankwana da layin mai, kuma ga shi kullum da safe muna fitowa raka shi. Ina cikin tura babur zuwa gida sai ɗan kwangilar da nake yi wa aiki ya kira ni. Wai in kwaso kayan aiki in je jami'a, baƙi masu duba jami'o'i za su zo ranar Alhamis, ana gyare-gyare.

Na tarar da gyara kuwa. An shafe bangon gaba da fenti, na baya kuma an bar shi da Allah. Ana sauke furanni a tukwane daga mota, na haya, za a mayar ranar Juma'a. Wasu ma'aikata na jidar littattafai daga wannan sashe zuwa wancan, don duk inda baƙi suka shiga su tarar da ilimi ya riga su isa. Ni kuma aka tura ni hawa na biyu, wai teburin wani babban Shehin Malami yana rawa.

Ina ganin sunan da ke jikin ƙofar na gane shi. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma shekara bakwai ke nan sunansa yana cin abinci tare da mu a gida.

Bari in yi muku bayani. Matata, wadda nake kira Malama, tana koyarwa a firamare, kuma tana neman digirin digirgir. Bincikenta a kan abin da ya sa yara ke kai aji huɗu ba su iya karatu ba. Makarantu arba'in ta zaga, tana zama a bencin baya tana kallo tana rubutawa. Da cikin 'yar autarmu ta fara, yanzu autar tana aji biyu. Dokar jami'a kuma ta ce shekara bakwai ce iyaka. Ranar Juma'ar nan da ƙarfe huɗu za a rufe rajista, duk wanda mai duba aikinsa bai sa hannu a fom ɗinsa ba, an soke sunansa, sai dai ya faro daga farko. Wata goma sha huɗu ke nan da Malama ta miƙa kundinta cikakke, da fom ɗin a maƙale cikin bangon gaba. Mai duba aikin nata kuwa, Allah ya ƙara masa girma, shi ne mai teburin nan.

Duk lokacin da ta tare shi a kan bene sai ya ce, "Ina kai, ina kai." Watan jiya har ya ƙara da cewa, "Ina babi na huɗu, hujjojinki ba su yi ƙarfi ba." Ta dawo gida ta yi tagumi, sati uku tana juya babi na huɗu tana neman inda raunin yake. Ko gishiri ya yi yawa a miya ba mai magana.

Kada ku ce ba ta amfana da shi ba. Sharaɗi ne ɗalibi ya buga maƙala biyu a mujalla, kuma ta buga. Ita ta yi yawon, ita ta rubuta, ita ta gyara. Da mujallar ta fito, sunan Shehi ne a gaba, sai na shugaban sashe, sai na wani mutum da ba ta taɓa gani ba, an ce surukin wani ne kuma ƙarin girmansa ya kusa. Malama ta zo ta huɗu. Masu ilimi kuma in za su ambaci aiki, sunan farko kawai suke rubutawa, su ce "da sauransu". Na nuna wa maƙwabcina Tela, ya sauke tabarau ya ce, "To kai kafinta, in ka yi kujera, sunan wa ake sawa?"

Na ce, "Na wanda ya zauna a kai."

Ya ce, "Ashe duk sana'a ɗaya kuke yi da matarka." Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Barka da fitowa, mijin Da Sauransu!"

To, mu koma ofis. Sakatariya ta buɗe mini ta ce Shehi yana taro. Ɗakin kuwa sai wanda ya gani. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya a bango, wata sabuwa a kwali ba a buɗe ba. Kundaye jibge tun daga ƙasa har taga, masu jan bango, masu baƙi, masu shuɗi, ƙura ta mayar da su kala ɗaya. Ɗan kwangilarmu yana da doka: kowane aiki sai ka ɗauki hotonsa kafin gyara da bayan gyara, don a kai wa ofishin ayyuka su ga ba ƙarya. Na ja baya na ɗauki hoton teburin, na durƙusa na ɗauki hoton ƙafar da ake kuka da ita. An tokare ta da wani littafi mai koren bango. Na sa kafaɗa na ɗaga teburin, na zaro shi, na hure ƙurar.

Inna lillahi! Sunan matata ne da ruwan zinare.

Ni na kai kundin nan wurin mai ɗauri a kan babur ɗina. Ƙafar tebur ta lotsa bangon ta nutse har wajen shafi na arba'in. Gefe ɗaya ya sha ruwan goge ƙasa ya kumbura. Fom ɗin yana nan a maƙale inda ta sa shi, fari tas. Shafukan kuma gefensu a manne yake tun daga gam ɗin mai ɗauri, sai da na sa bakin wuƙa na dinga raba su. Ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa buɗe littafin nan.

Sakatariya ta ce kada in ƙara taɓa komai sai Shehi ya zo. Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Tunda ba abin yi, na buɗe babi na huɗu in ga raunin da ya hana mu sakat. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, amma wallahi na gane. A ciki ta ba da labarin wata yarinya da ta karanta shafi guda ba tuntuɓe, alhali littafin a juye yake a hannunta, ashe haddacewa ta yi daga bakin malami. Ta ƙirga yara bakwai a bencin da aka yi don mutum uku, na gefe ba su da inda za su ɗora littafi. Wannan kam fagena ne, na san benci. Awa ɗaya da rabi ina karatu har na manta inda nake.

Sai ga ƙamshin turare, sai ga Shehi, mutum biyu na riƙe masa jaka da waya. Ya dube ni ya ce, "Kai kafinta, an kawo ka aiki ko karatu? Mayar da abin nan inda ka ɗauko shi kafin ka gama."

Na miƙe na rusuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara ilimi. Wannan ɗin kundin matata ne."

Sakatariya ta kama tari, masu riƙe jaka suka shiga nazarin silin.

Na ƙara rusunawa na ce, "Kuma a gafarce ni, na riga na ɗauki hoton ƙafar teburin yadda na same ta. Dokar ɗan kwangila ce. Yau da yamma ake kai hotunan ofishin ayyuka, su kuma na ji za su nuna wa baƙin Alhamis irin gyaran da aka yi."

Jama'a, na taɓa ganin saurin aiki, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Shehi ya karɓi kundin da hannu biyu, ya shafa lotsawar kamar mai lallashin jariri, ya ce, "Af! Ai na gama da wannan tun tuni, ita nake ta nema." Ya zaro biro. Da yake teburin ba ya tsayuwa, a kan akwatin kayan aikina ya ɗora fom ɗin. A saman layin sa hannu an rubuta cewa mai duba aiki ya karanta kundin gaba ɗaya kuma ya gamsu. Ya rattaba hannu, sakatariya ta buga hatimi. Ya miƙo mini ya ce, "Ka gaya mata babi na huɗu ya gyaru sosai. Maganar nan kuma ta tsaya a ɗakin nan." Ta tsaya, ranka ya daɗe. Ga shi ko suna ban kama ba.

Na auna ƙafafun teburin, duk huɗun tsawonsu ɗaya. Na ajiye fensir a ƙasa, ya gangara da kansa har kusurwa. Ashe daɓen ne ya karkace tun daga hannun wanda ya yi ginin. Na yanka ɗan katako na buga a ƙasan ƙafar, teburin ya tsaya cak, na tafi.

Na shiga gida ina washe baki, ina jiran guɗa. Malama ta karɓi fom ɗin ta duba sa hannun, sannan ta ɗauki kundin. Ta sa yatsa a cikin lotsawar. Ta ga inda wuƙata ta raba shafuka. Sannan ta ce, "Baban yara, bai buɗe ba ko?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Bai buɗe ba."

Ta zauna a bakin gado, hawaye na zuba a kan koren bangon. Ta ce, "Da ma ya karanta ya ce bai yi ba, da ya fi mini." Raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a ofis. Na ce, "Malama, ni na karanta babi na huɗu." Ta ɗago. Na ba ta labarin yarinya mai juyayyen littafi. Na ce mata kuma akwai wata jimla a shafi na ɗari da sha biyu, sau uku na karanta numfashina na ƙarewa ban kai ƙarshenta ba. Ta share ido, ta buɗe shafin, ta karanta a fili, ta ce, "Gaskiyarka." Ta ɗauko biro ta raba jimlar gida uku. Gyaran da kundin ya samu ke nan a wata goma sha huɗu. Washegari ta kai fom ɗin, sunanta ya tsira.

Don haka ku masu neman digirin digirgir, ga shawarar kafinta, kyauta. Kowa na gaya muku ku zaɓi take mai kyau, ku tsara manazarta, ku rubuta kullum ko shafi ɗaya ne. Duk gaskiya ne. Amma ranar da za ka fara shiga ofishin mai duba ka, yi kamar igiyar takalminka ta kwance, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin tebur. In ka ga yana rawa, kada ka yarda kaurin kundinka ya zo daidai da yatsu biyu. Ko ka rage surutu ya yi siriri, abin da ma ya fi wa mai karatu, ko ka cika shi har ya fi ƙarfin ƙafar tebur. In an ce maka hujjarka ba ta yi ƙarfi ba, rusuna ka tambaya cikin ladabi, "A wane shafi, ranka ya daɗe?" Mai karatu zai faɗa maka, wanda bai karanta ba zai tuna yana da taro. Maganar jera suna a maƙala kuma a yi ta tun kafin a rubuta, don bayan an rubuta dangi yawa suke yi.

Babbar shawarar ita ce kada ka zauna jiran mutum ɗaya. Ka ba abokin karatunka, ka ba matarka, ki ba mijinki, ko tela ne a ba shi. In ya kai ƙarshen shafi ya iya gaya maka abin da ka ce, ka yi rubutu. In ya yi hamma ya ce, "Kai, akwai ilimi a nan," koma ka sake.

Su kuma iyayenmu Shehunan Malamai, na san akwai na kirki a cikinsu, masu zama da ɗalibi su bi layi-layi har biro ya ƙare. Allah ya biya su. Sauran kuwa, in ɗalibai talatin sun yi maka yawa, ka buɗe baki ka ce sun yi yawa. Kowane kundi a tarin nan akwai gidan da aka daina dariya saboda shi.

Af, na kusa mantawa. Ranar Laraba aka sake kirana. Don girmama baƙi, hukuma ta kwashe tsofaffin tebura duka, har da wanda na gyara, ta kawo sababbi fil masu sheƙi daga waje. Daɓen dai yana nan yadda yake. Kafin in iso, sakatariya ta riga ta magance matsalar, ta ce in koma, ba a buƙatata. Na yi kamar igiyar takalmina ta kwance.

Kai mai shuɗin bango, mai bincike a kan zaizayar ƙasa, in kana karanta wannan, daina jiran kira. Aikinka ya samu karɓuwa, tun ranar Laraba a kansa Shehi yake dogara.