Ranar da Injin Motsa Jiki Ya Tuɓe Ni a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba. Ko da na so in manta, matata Rabi ba za ta bari ba, don har yau in ta ga busasshiyar kuɓewa sai ta kama dariya ita kaɗai a madafa.

Bari in fara da surukina, Alhaji, tunda shi ne tushen maganar. Tsohon bakaniken manyan motoci ne a Maraɗi, shekara arba'in ya yi yana kwance a ƙarƙashin kamiyo. Ni kuwa ma'aikacin biro ne a Yamai, aikina takarda da hatimi. Ranar da na je neman auren 'yarsa ya kalli tafin hannuna, ya juya ya ce wa ƙanensa, "Wannan hannun bai taɓa riƙe abin da ya fi cokali nauyi ba." Daga nan har shekara goma sha huɗu bai taɓa kiran sunana ba. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran ma'aikaci da faransanci. Ba ya zagina, ba ya ɗaure mini fuska. Amma in famfo ya lalace a gidanmu Rabi ta faɗa masa a waya, sai in ji ya ce, "To, a nemo wa Mushe mai gyara." Wallahi wannan maganar tana ci mini rai, kuma na daɗe ina neman ranar da zan nuna masa ni ma ina da hannu.

Sai likita ya ce tansiyona ya hau, wato hawan jini ya kama ni, dole in riƙa motsa jiki. Na gwada tafiya da ƙafa a unguwarmu ta Lazaret, abin bai yiwu ba. Kowane taku goma sai wani ya tsayar da babur ya ce, "Mushe, motar ta lalace ne? Hau in kai ka." Kwana uku na yi, duk ukun a kan babur na dawo gida. Shi ya sa na yanke shawarar sayen injin da mutum zai yi tafiyarsa a cikin ɗaki ba mai taimakonsa. Mai kantin da na je ya ce sunan injin belo eliptik. Matakai biyu gare shi masu faɗin takalmin ƙato, da hannuwa biyu dogaye masu zuwa gaba da baya, da wani babban wili a bayansa.

"In turo maka mai haɗawa?" in ji mai kantin.

Na ce a'a, har da ɗaga masa hannu. Na san Alhaji ya zo Yamai duba idonsa, ya sauka wajen ɗansa a Harobanda, ƙetaren kogi, kuma ranar Lahadi zai ƙetaro gada ya gaida mu. Na riga na gama tsara abin a raina. Zai shigo ya ga inji a tsaye, ya tambaya wa ya haɗa, ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Ni ne, Baba." (Har a gaban madubi na gwada yadda zan faɗe ta, kada ta fito da alfahari.)

Asabar da sassafe na farke kwali a tsakiyar salo, ɗakin zamanmu. Ƙarafa suka zubo, da jakar kusoshi, da kile guda biyu na ɗaure kusa, da ɗan littafin bayani. Na buɗe littafin na ga duk hotuna ne da kibiyoyi, irin na 'yan ajin farko. Raina ya ɓaci. Ni da nake karanta faransanci tun safe har yamma, a koya mini aiki da zane? Abu ɗaya kawai na ɗauka a cikinsa, hoton wani bature a bangon littafin yana murmushi cikin gajeren wando. Wannan kam na riga na shirya masa, don tun ranar Juma'a na sayo nawa a gwanjo, ruwan ɗorawa, mai hoton tsuntsayen aku ja da kore. Shi kaɗai ne ya shiga ƙuguna.

Awa uku na yi ina fama. Na sa hannuwan a juye, na kwance. Na sa matakin dama a hagu, na kwance. Na matse yatsana na faɗi maganar da ba ta dace da uban 'ya'ya ba. A ƙarshe dai inji ya tsaya da ƙafafunsa, amma sai ga kusoshi huɗu sun rage a kan darduma, da wani babban murfin roba mai kamar faranti.

"Waɗannan fa?" in ji Rabi.

"Gyara ce," na ce. "Ke in kin sayi tumatir ba a yi miki gyara?"

"Murfin fa?"

"Ado ne kawai."

Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce zai yi shanyar kuɓewa, ta fita da shi tsakar gida. Ni kuma na zuba kusoshin a farantin goro. Da na girgiza injin na ji yana rawa a kan tayil, sai na ninke littafin bayanin gida huɗu na cusa a ƙarƙashin ƙafarsa ɗaya, na ce ga amfaninsa nan. Kuma saboda zafin Yamai, na ja shi daidai ƙarƙashin fankar sama.

Na tuɓe riga, daga ni sai wandon akuna, na ɗaga ƙafa zan hau karo na farko ke nan, sai na ji sallama a ƙofar gida. Muryar nan ko a cikin barci na san ta. Alhaji ba ya jiran Lahadi in ya ga Asabar ta yi masa.

Na faɗa ɗaki da gudu. Ban ga wando ba, abin da hannuna ya fara kamawa shi ne babbar rigata ta salla, shadda fara mai aiki, wadda mai wanki ya buga har tana tsayuwa da kanta. Na zura ta a kan gajeren wandon, na kifa hula, na duba ƙasa na ga ta rufe har idon sawu. Na ce Allah ya rufa asiri. Na fito na durƙusa na gaishe shi, ina tattare gefen rigar da kyau.

Alhaji ba ya zama a kujera, a darduma ya harɗe. Rabi ta kawo masa fura ta koma. Muka yi gaisuwa ta kai ta kawo, amma idonsa na kan injin.

"Mushe, wannan fa?"

"Injin tafiya ne, Baba."

"Ina yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina."

"To me yake niƙawa?"

"Ba ya niƙa komai. Mutum ne yake hawa ya gaji."

Ya yi nazarin wannan magana. Can ya ce, "Wa ya haɗa shi?"

Ga ranar ta zo. Na sunkuyar da kai daidai yadda na koya na ce, "Ni ne, Baba."

Ya kalli injin, ya kalli farantin goro, ya sa yatsa ya motsa kusoshin nan huɗu. Sannan ya ce, "Hau in gani."

Mai hankali zai ce bari in canza kaya. Amma in na canza kaya da me zan fito? Kuma suruki ya ce hau, ba a ce masa sai anjima. Na yi bismilla na hau da babbar riga.

Taku biyar na farko sun yi daɗi ƙwarai. Hannuwa na zuwa suna dawowa, wili na juyawa a bayana, shadda na kaɗawa. Sai na kalli ƙasa. Tsakiyar hular Alhaji nake gani. Injin ya ɗaga ni sama, ina tsaye ƙerere a kan surukina yana zaune a ƙasa. Shekara goma sha huɗu kaina bai taɓa wuce kafaɗarsa ba. Ina cikin wannan tunanin fanka ta taɓa hulata, ta yi sama, ta sauka a gefen kwanon fura. Yanzu ga tsayuwa a kan babba, ga kai ba hula.

Nan na yi abin da tarbiyya ta koya mini. Na durƙusa.

Ku fahimce ni, ban sauka ba, don bai ce in sauka ba. A kan injin na durƙusa, hannuwana a sama riƙe da ƙarafa, ƙafafuna suna ci gaba da tafiya, domin ba wanda ya gaya mini wilin nan in ya ɗauki gudu ba ya tsayawa nan take. (An gaya mini mana. Yana shafi na uku, a ƙarƙashin ƙafar injin.) Alhaji kuma, saboda dattako, ya yi kamar bai ga komai ba, ya ci gaba da gaisuwa.

"Yaya wajen aiki?"

"Alhamdu... lillahi... Baba."

"Yaran suna zuwa lakkol, ana karatu?"

"Suna... zuwa..."

Da na durƙusa bayan rigata ya sauka ƙasa, kuma a bayana akwai wili tsirara, murfinsa yana tsakar gida ɗauke da kuɓewa. Na ji an ja ni ta baya a hankali, kamar yadda yaro yake jan rigar ubansa a kasuwa. Kafin in waiwaya jan ya zama na gaske. Wili ya kama shadda yana naɗewa, wuyan riga ya shaƙe ni. Na riƙe hannun dama da ƙarfina duka don in miƙe, sai hannun ya taho gaba ɗaya ya biyo ni. Ashe nan ne gidan kusoshi biyu daga cikin gyarar.

Ba ni da zaɓi, ko in ba da rigar ko in ba da wuya. Na ɗaga hannuwa sama, inji ya zare mini babbar riga tas ta kaina, na yi baya na faɗi zaune daɓas a gaban Alhaji. Tumbi a waje, aku a fili, ƙarfe a hannu. Wilin ya ƙara juyi biyu da rigar sallata sannan ya tsaya.

Daidai lokacin Rabi ta shigo da ruwan sanyi. Ta kalle ni, ta kalli babanta, ta juya da tirenta. Daga madafa na fara jin wani sauti, wai ita tari take yi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na kasa tashi, na kasa rufe jiki, don ba abin rufewa sai ƙarfen hannuna.

"Ka ji ciwo?" in ji Alhaji.

"A'a, Baba."

Ya gyara gilashinsa, ya matso da fuska.

"Likitan ido ya ce da sauran aiki. Wannan aku ne nake gani?"

"Aku ne, Baba."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ya yi har ya cire gilashi yana share hawaye da hannun riga, yana cewa, "Ya durƙusa! Wallahi a kan inji ya durƙusa!"

Da ya huta sai ya naɗe hannun riga, ya ɗaga ƙafar injin ya zaro littafin, ya warware shi a kan gwiwarsa. Alhaji bai san ko harafi ɗaya na faransanci ba, amma hotunan da na raina shi karatu ne a wajensa. Ya nuna mini wani zane, mutum da doguwar riga an ja masa jan layi a kai. Ya nuna wani, kan mutum da rufin ɗaki da kibiya a tsakani. Ya ƙwala wa Rabi kira ta juye kuɓewarta ta kawo murfi.

Na yunƙura zan je in sa kaya, ya ce, "Zauna. A garaji haka ake aiki." Ya kwanta a gefen wili yana zaro shaddar a hankali, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ba ni kile ɗin can, ɗana."

Na waiwaya in ga ko ɗansa na Harobanda ne ya shigo. Ba kowa a salon sai ni.

Bai ɗaura kusa ko ɗaya ba. Ni ya sa na ɗaura duka, yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowace kusa da yatsa ya ce, "Ƙara." Muka mayar da murfi, muka ja injin daga ƙarƙashin fanka zuwa jikin taga inda ƙasa ta daidaita, ya girgiza shi da hannu biyu bai motsa ba. Sannan ya koma darduma ya ce in sake hawa. Na hau, gwiwoyina suka fara lanƙwashewa da kansu.

"Miƙe tsaye!" ya daka mini tsawa. "Inji bai san suruki ba. In za ka sauka kuma ka rage gudu, ka bari ya tsaya tukuna."

Haka na yi minti goma ina tafiya ba inda za ni, tsaye a kan surukina cikin wandon aku, shi kuma yana shan fura yana ce mini in daina kallon ƙafata.

Yanzu tansiyon ya sauka, rigar kuma Rabi ta yanka ta yi rigunan matashi. Labarin ya riga Alhaji isa Maraɗi, har 'yan garajinsu in na je sai su durƙusa suna tuƙa iska da hannu. Ban damu ba. Duk Juma'a shi yake kirana da kansa ya ce, "Ɗana, ka duba kusoshin?"

Abin da na koya shi ne in kusa ta rage ba gyara ba ce, kuma littafin bayani ba a ƙarƙashin inji ake ajiye shi ba. Ɗaya darasin kuma har yau ina jin haushinsa. Shekara goma sha huɗu ina sa wa mutumin nan babbar riga don ya ga mutuncina, ashe da na sani tun ranar neman aure da na je masa da aku.