Hannuna da Hannun Tsohon Tozai

Ba za ni taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da na so. Shekarar fari ce, aka ɗauke ni aikin yi wa manoma rajistar tallafin hatsi a Isa. Dokar ɗaya ce: wanda na'ura ba ta karɓi zanen yatsansa ba, ba shi da rabo.

Jan mawus ɗin kwamfuta safe da yamma ya kumbura mini wuyan hannu. Na yi ta mita har oga ya gaji, ya samo mini wani iri da ba a jansa. Jan ƙwallo ne a gefensa, ka ɗora hannu ya huta, babban yatsa kaɗai ke murzawa. Gaskiya ciwon ya sauka, kafaɗa ma ta saki. Amma bandejin da na ɗaure hannun da shi ban cire ba (ina jin daɗin sannun da ake yi mini, ba sai na ɓoye muku ba).

Sai layi ya zo kan wani tsoho daga Tozai. Na ce ya dangwala, bawan Allah ya ɗora yatsa kan ƙwallona. Na fizge abina kamar ya tsone mini ido.

"Baba, wannan na masu ciwon hannu ne!"

Da na tsaya nan da sauƙi. A gaban mutanen da suka kwana da yunwa na shiga yi masa lacca: yadda abin ke hutar da jijiya, irin wuyar da na sha.

Ya dubi bandejin da tausayi. "Assha, ɗana, mi as same ka? Ɓarayin daji na, ko hauya?"

Na ce can ƙasa-ƙasa, "Kwamfuta ce."

"Allah shi ba ka lahiya," in ji shi, kuma ba gatse ya yi ba. Ba wanda ya yi dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya miƙo hannu kan na'urar gaske. Shuka kan shuka a busasshiyar ƙasa ta cinye zanen yatsunsa, duk sun yi kanta. Muka gwada dama, muka gwada hagu, muka shafa ruwa, na'ura ta ƙi. Na roƙi oga, ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Tsohon ya naɗe buhun da ya zo da shi, ya sake yi mini sannu da jiki, ya fita.

Har yau da mai ƙwallon nake aiki, kuma yana da amfani. Sai dai yanzu kafin in yi wa mutum kukan ciwon hannu, nakan fara duba nasa.